Takardar Binne Mira Saibo

Mira Saibo ya mutu da asubar ranar Sabuwar Shekara, kuma waɗanda suka san shi suka ce ai haka ya saba, bai taɓa zuwar wa mutum a lokacin da ya dace ba.

Piyatissa, mai rajistar haihuwa da mutuwa na ƙauyuka tara da ke gefen tafki, bai ji labarin ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Yana zaune a barandar gidansa cikin farin zane da farar riga, hannuwa bisa gwiwa, yana yin abin da gwamnati da al'ada suka taru suka umarce shi, wato zaman banza. Tun ƙarfe takwas da minti ashirin da huɗu matarsa Sriyalata ta kashe murhu, ta kwashe toka, ta kife tukwane. Tsohuwar shekara ta fita, sabuwa ba ta shigo ba, kuma a waɗannan awoyi na tsakani, nonagate, ba a hura wuta, ba a cin abinci, ba a ɗaukar fartanya ko allura ko alƙalami. Masu duban taurari sun buga jadawalin bana a jarida, Sriyalata ta yanke ta manna a ƙofar kicin: a hura wuta ƙarfe uku da minti goma sha bakwai ana fuskantar kudu, a fara aiki a ci abinci biyar saura minti takwas. Piyatissa ya koyar da lissafi shekara talatin da ɗaya, amma har ya yi ritaya bai gano inda taurari suke samo minti takwas ɗin nan ba.

Ofishinsa wani ɗaki ne a ƙarshen barandar, da tebur da kabad da kalanda, kalandar kuwa duk ta yi ja. Kowace cikar wata hutu ce saboda mabiya Buddha. 'Yan Hindu suna da Pongal da Dipawali da daren Shiba, Musulmi suna da Sallah biyu da Maulidi, Kiristoci suna da Kirsimeti da Juma'ar Ista. Gwamnati ta yanka wa kowane addini rabonsa na rashin zuwa aiki, kuma a tsibirin da aka yi shekaru ana kashe juna a kan yare da ƙasa, wannan ne kaɗai rabon da kowa ke cin na kowa babu gardama.

A shekara shida da ya yi yana wannan aiki, Piyatissa ya san halin gawar kowa. Gawar mai bin Buddha tana da haƙuri. A yi mata allurar hana ruɓewa, a kwantar da ita a falo kwana uku, a jera fararen tutoci a bakin hanya, takarda ta zo sanda ta ga dama. Ta Kirista takan jira ɗan da ke aiki a Italiya. Musulmi kuwa, kafin shayin masu gaisuwa ya huce suna ƙofarka.

Tun daga kwanar shagon tela ya hango Junaidin, ɗan Mira Saibo, yana turo babur a kashe. Duk unguwar shiru, bai so ya zama shi ne mai ƙara ba. Ya jingine babur ɗin a jikin shinge, ya tsaya daga waje bai ko taɓa ƙofar ba, da haka Piyatissa ya gane daga gidan mutuwa yake. Ya koyar da shi shekara huɗu. Yaro ne mai ladabi da lissafi ya ƙi jininsa, yanzu ga shi da furfura a gemu da shagon gyaran taya.

"Mahattaya," in ji Junaidin, "Wappa ya rasu." Mahattaya ake kiran babban mutum, Wappa kuma uba ne a bakin Musulmin yankin.

Piyatissa ya taso ya zo bakin shinge, ya yi masa gaisuwa, ya tambayi yaushe, da me. Junaidin ya ce bayan sallar asuba ne. Tsohon ya dawo daga masallaci, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo ya kwanta. Shekararsa tamanin da uku. Jami'ar ƙauye ta riga ta zo ta gani ta rubuta rahotonta, ita 'yar Katolika ce, yau a wurinta ranar wanki ce kawai. Ya ciro takardar daga aljihu ya miƙo ta saman shinge. Piyatissa bai karɓa ba, don karatu ma aiki ne.

"Ka san wace rana ce yau, ɗana."

"Na sani, Mahattaya. Sai da na zagaya shagon tela sau biyu kafin na iya ƙarasowa."

"Ubanka fa? Shi bai duba kalanda ba?"

"Wappa ai bai taɓa duba komai ba sai awakinsa."

"Su ma bai duba su ba. Shekara ashirin suna cinye mini barkono."

Junaidin ya yi ɗan murmushi, idonsa ya kawo ruwa, ya share da bayan hannu. Daga nan ya zayyana abin da Piyatissa ya riga ya sani. Shugaban kwamitin masallaci ba zai bari a sa gawa a rami ba sai ya ga takarda da hatimi, tun shekarar da aka binne wani babu takarda, 'yan sanda suka zo bayan kwana tara suka tone shi a gaban 'ya'yansa. Maƙabartar kuma mil huɗu ce, a bakin daji, shingen lantarki ya lalace tun damina, giwaye suna fitowa shan ruwa daga ƙarfe biyar. A watan jiya toron nan mai yagaggen kunne ya kashe wani mai sayar da nono a daidai ƙaramar gada. Mai tarakta ya ce zai kai su, amma dole a tashi bayan azahar a dawo da sauran rana. A bari sai gobe kuma, ga zafin Afrilu, babu ƙanƙara a ko'ina, su kuwa ba sa yi wa gawa allura. Ya kira mai rajistar yankin gaba, mil goma sha takwas daga nan, wayarsa a kashe. Shi ma yana can a zaune cikin farin zane.

"Ba cewa nake ka shigo da mutuwa gidanka ba, Mahattaya. Sa hannu ɗaya ne da hatimi."

Suna cikin haka Sriyalata ta dawo daga haikali tare da 'yarsu Nilmini, su biyu cikin fararen kaya, da kwandon furanni babu komai a ciki. Nilmini tana da cikin wata takwas, na fari, ta zo gida ne ta haihu ta yi jego a hannun uwarta kamar yadda ake yi. Sriyalata ta ga babur, ta ga mutum a wajen shinge, ta ga takarda a hannunsa. Ba ta tambayi komai ba. Ta kama gwiwar hannun 'yarta ta juya da ita ta hanyar bayan gida, sannan ta dawo ita kaɗai.

Ta yi wa Junaidin ta'aziyya tsakaninta da gaskiya, don ta san tsohon tun tana amarya. Ta ce gobe za ta aiko da kwakwa da sukari. Sai ta ce takarda kam maigidan zai rubuta, babu shakka, da zarar an fara aiki. Ba dai a farko ba, don ba a buɗe shekara da sunan mamaci. Zai fara dasa 'yar kwakwar da aka tanada, ya ci abinci, sannan ya rubuta. Biyar da rabi, in ji ta, ko ƙasa da haka kaɗan.

"Nona," in ji Junaidin, yadda ake kiran uwargida, "biyar da rabi ta giwaye ce."

"To ku tafi da fitilu kuna buga gwangwani. Ku ai kuna da yawa."

"Mai nonon ma yana da fitila."

Ta ce ta ji, amma ba ita ta jera taurari ba. Ta juya wurin mijinta ta ce, "Baban yara, zo ka ji." Har yanzu haka take kiransa, ko da yake yaran sun koma ɗaya.

A kicin suka tsaya, kusa da murhu mai sanyi da sabuwar tukunyar ƙasa da ke jiran ƙarfe uku da minti goma sha bakwai. Ta rage murya don kada Nilmini ta ji. Ta tuna masa abin da likita ta ce a awon makon jiya, cewa jaririn bai juya ba tukuna, yana kwance a gicciye. Wataƙila ya juya da kansa, wataƙila sai an yi aiki. A irin wannan gida, a irin wannan wata, za a ɗauki alƙalami a lokacin da ba na kowace shekara ba a rubuta mutuwa?

Piyatissa ya kawo nasa hujjoji bi da bi, kamar yadda yake yi a gaban allo. Doka ba ta ba mai rajista hutu ba. Gawa ba ta jira a wannan zafi. Kuma ba sai ya rubuta a gidan ba, zai ɗauki littafin ya je can.

"Lokacin ba a gidan yake ba," in ji ta. "Duk inda ka je, hannunka ne."

"In taurari suna da ƙorafi su kai babban ofis a rubuce. Za a ba su amsa bayan hutu."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi tukunyar, ta gyara mata zama ko da yake daidai take.

"Ka taɓa yi sau ɗaya," in ji ta.

Shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan magana, har ya fara zaton ba za ta zo ba. A waccan shekarar takardun jarrabawar ɗalibai sun taru masa, ya shiga ɗaki a tsakiyar nonagate ya tura ƙofa ya duba guda arba'in da biyu da jan biro. Ta gan shi ta taga. Bayan wata ɗaya, ranar jajibirin Wesak, babban bikin mabiya Buddha, ɗansu Asela, ɗan shekara goma sha tara, ya je wanka tafki da abokansa bai fito ba. Ba ta taɓa haɗa abubuwan nan biyu a baki ba. Shi kuma bai yarda akwai haɗi ba. Ya yi jami'a, ya san abu na iya bin abu ba tare da na farkon ya haifi na biyun ba, ya ma koya wa 'ya'yan mutane haka. Sai dai tun daga shekarar bai ƙara taɓa alƙalami a nonagate ba, yana gaya wa kansa don zaman lafiyar gida ne.

Abin da shi ya riƙe daga wannan mutuwa daban ne. An kai Asela asibitin gari ranar Laraba da yamma. Alhamis da Juma'a hutun Wesak ne, sai Asabar, sai Lahadi. Jami'in da zai binciki mutuwar ya ba da izinin ɗaukar gawa ya tafi garinsu, wanda ke riƙe masa kuma ya tafi nasa garin. Ko'ina a gari fitilun takarda ne masu launi, da rumfunan sadaka, samari suna tare motoci da tuta suna roƙon mutane su sauko su ci shinkafa kyauta. Shi yana zaune a kan benci a bayan ɗakin ajiye gawa, inda firji ke aiki sa'ad da akwai wuta. Wani mai gadi ya kawo masa shinkafar sadakar a ganyen ayaba, ya ce ya yi haƙuri, hutu ne. Ranar Litinin da aka ba su yaron aka ce kada a buɗe akwatin. Sriyalata ba ta ga fuskar ɗanta ba. Shi ya gani, don shi ya sa hannu cewa ɗansa ne. Da ya nemi aikin rajista bayan ritaya, mutane suka ce yana tsoron kada zama ya kashe shi ne, ya bar su a haka.

"Na tuna," ya ce mata. "Ke ba ki ga abin da kwana biyar suka yi masa ba. Ni na gani."

"Ba ka bar ni na gani ba."

"Shi ya sa."

Ta kori ƙudan da ke zagaya kwanon ayaba. Da ta yi magana kuma, babu faɗa a muryarta, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan.

"Ɗaya ta rage mini, baban yara. Tsohon nan ya ci shekarunsa tamanin da uku. Kwana ɗaya ba zai ƙara kashe shi ba."

Maganarta daidai ce ta kowace fuska da ya iya dubawa, in ban da cewa ya san warin da kwana ɗaya ke somawa da shi, kuma ya san Junaidin ne zai kwana da shi a ɗaki. Ya fita daga kicin, ya bi baranda zuwa ofis, ya buɗe kabad, ya ɗauko littafin mutuwa da hatimi da tawadarsa, ya sa alƙalami a aljihun farar riga. Sriyalata ba ta tare masa hanya ba. Daga bayansa ta ce littafin kada ya dawo cikin gidan nan yau. Nilmini ta leƙo daga ɗaki, hannu ɗaya a ƙugu, ta ce Baba ina zuwa cikin wannan rana? Ya ce zai je ya gaida wasu awaki da ya daɗe da sani.

Junaidin ya tura babur ɗin, Piyatissa na biye da littafi a hammata, suka wuce gidajen da mutane ke zaune a baranda cikin farare suna kallonsu. Kowa ya ga littafin, kowa ya san launin bangonsa. Babu wanda ya gaishe shi, babu kuma wanda ya ɗauke kai, kallo ba ya cikin abubuwan da aka hana. Sai da suka wuce gida na ƙarshe Junaidin ya tayar da babur.

A unguwar Musulmi hayaƙi na tashi daga kicin-kicin, wani na faskare, rediyo na magana da Tamil. Rana ce irin ta kullum, mil ɗaya da rabi daga inda babu shekara. A ƙofar gidan Mira Saibo an kafa rumfar tampol, maza na zaune a kujerun roba, ƙamshin kafur da turare na fitowa daga ciki. Da suka gan shi cikin fararen Sabuwar Shekara sai hira ta yanke. Shugaban kwamitin masallaci, Sahabdin, wani dogon tsoho mai injin casar shinkafa, ya taso ya tare shi.

"Mahattaya, ba mu so mu ɗora maka wannan ba."

"Ai kun ɗora, ɗan'uwa. A ba ni tebur."

Babu tebur sai na keken ɗinkin surukar gidan. Aka fito da shi, aka kwantar da kan keken ciki, ya zauna ya buɗe littafi. Ya karanta rahoton jami'ar ƙauye daga sama har ƙasa. Ya tambayi cikakken suna, da sunan uba, da wurin haihuwa, Junaidin na amsawa, wani ƙanen tsohon na gyara masa.

"Sana'a?"

"Manomi."

"Makiyayi dai, in za a faɗi gaskiya. Kuma a gonar mutane."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda gidan mutuwa ke ɗauka. Ya cire murfin alƙalami. Ya duba agogo kamar yadda yake yi kullum kafin ya rubuta, ya ga ɗaya saura minti goma. Hannun da ya rubuta mutuwa ɗari huɗu da wani abu ya tsaya a saman takardar kamar na ɗan aji ɗaya. Ya ga Nilmini a ƙofar ɗaki da hannu a ƙugu. Ya gaya wa kansa, da muryar da yake yi wa ɗalibai bayani, cewa jariri ba ya juyawa ko ya ƙi juyawa saboda tawada. Hannun bai ji ba. Sahabdin, da yake mutum ne mai kawaici, ya ɗaga kai yana duban tampol kamar yana neman inda ke yoyo.

Ya rubuta. Harafin farko ya fito a karkace, sauran suka bi shi yadda suka saba. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya yage kwafin ya miƙa wa Sahabdin. Rana ba ta yi duhu ba. A bayan gida wata akuya ta yi atishawa.

Aka kawo masa shayi ya ce a'a, lokacin ci bai yi ba. Sai da ya faɗa ya ji abin dariyar da ke ciki, mutumin da ya karya babba yana lallaɓa ƙarami, amma bai sha ba. Ya tashi zai tafi, Junaidin ya tambaye shi ko zai ga Wappa kafin a rufe. Ya cire takalmi ya shiga. An wanke tsohon, an naɗe shi cikin fari, an bar fuskar kaɗai. Gemun a taje, baki a rufe, da ɗan alamar taurin kan nan a goshi. Fuska ce da ake iya nuna wa mata da jikoki, ga su nan ma a jikin bango suna kallonta. Piyatissa ya tsaya ya dube ta fiye da yadda baƙo ya kamata ya yi, sannan ya fito.

Bai bari Junaidin ya mayar da shi ba, ya ce ya je ya ji da ubansa. Ya dawo a ƙafa cikin rana, littafin na jiƙewa da gumin hammatarsa. Bai bi ta ƙofar gaba ba. Ya sa littafin da hatimin a rumbun shinkafa, a kan buhu, ya rufe. A bakin rijiya ya tarar da bokiti, da lemun tsami biyu a yanke, da wani zane da riga a kan igiya. Ya matse lemun a ka kamar yadda mai dawowa daga gidan mutuwa ke yi, ya kwarara ruwa, ya canza kaya, ya koma baranda ya zauna inda ya tashi. Babu wanda ya fito.

Ƙarfe uku da minti goma sha bakwai duk ƙauyen ya ɗauki ƙarar wasan wuta a lokaci ɗaya, karnuka suka shige ƙarƙashin gadaje, hayaƙi ya tashi daga kowane rufi. Ya ji Nilmini na cewa madara ta tafaso ta zubo, kuma ta gefen da ake so, alamar sa'ar shekara. Wajen huɗu da rabi tarakta ta wuce ta babbar hanya, maza a tsaye a bayanta, makara babu komai a ciki an jingine ta. Junaidin ya ɗaga masa hannu, jar ƙasa har gwiwar hannunsa. Piyatissa ya ɗaga nasa.

Biyar saura minti goma Sriyalata ta leƙo ta ce lokaci ya kusa. Suka fita bayan gida inda aka ajiye 'yar kwakwar dashe. Ya sunkuya zai ɗauki fartanya, ta ce ya bari, shi ai ya riga ya fara nasa aikin. Ita ta fuskanci kudu ta sari ƙasa, Nilmini ta riƙe mata dashen, shi yana tsaye yana duba musu agogo.

A kan tebur ta kunna fitilar man kwakwa. Ga shinkafa da madarar kwakwa an yanka ta gida-gida, ga ayaba, ga soye-soyen da ta yi kwana uku tana yi. Ya gutsuri lomar farko ya kai bakinta kamar yadda ya yi shekara talatin da huɗu. Ta buɗe baki ta karɓa. Ya gutsuri ta biyu ya juya wurin Nilmini.

"Ni zan ba ta," in ji Sriyalata.

Ya tsaya da lomar a hannu, sannan ya kai ta bakinsa. Nilmini ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, ta karɓa daga hannun uwar. Suka ci 'yan loma. Sai Sriyalata ta ce, tana zuba masa ruwa a kofi, ta kira mijin Nilmini a waya bayan an hura wuta. Zai zo jibi da babur mai ƙafa uku ya ɗauke ta. Can gidan iyayensa za ta jira haihuwar, can kuma za ta yi jego.

Nilmini ta ajiye hannu. Ta ce ita ba a tambaye ta ba. Ta ce gidan can mutum goma sha ɗaya ne a ɗaki uku, surukarta ba ta san gishiri ba, kuma an gyara mata ɗaki a nan, an wanke ƙananan kaya an jera, har gadon jariri Baba ya yi wa fenti da hannunsa. Ta ce tun da aka kafa duniya haihuwar fari a gidan uwa ake yi, in dai al'ada ake bi. Sriyalata ta ce kayan za su shiga jaka ɗaya, ita ma za ta riƙa zuwa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi mijinta ba.

"Baba, ka yi magana mana. Kai ai ba ka yarda da wannan abin ba."

Piyatissa ya dubi 'yarsa, da cikin da ya tokare bakin tebur. Yana da maganar a shirye, ya yi shekaru yana faɗinta, babu kalma ɗaya a cikinta da ya daina ganin gaskiya ce. Ya dubi yatsansa na tsakiya, inda lemun tsami bai gama fitar da tawadar hatimi ba. Ya sauke hannun ƙarƙashin tebur.

"Me ya sa sai jibi?" ya tambayi matarsa. "Ki sake kiransa. Ya zo gobe da safe."